Lamirin Mai Hatsi da Ɓerayen Layi

Mai Hatsi mutum ne mai tsananin kishin 'yancin lamiri. Ya fara wannan kishi ne ranar da aka ce kowa ya fito aikin kashe ɓeraye.

Doka ta ce duk mai shago a layin ya ɗauko tarko da sanda a bi kwatami, amma ta ɗaga ƙafa ga wanda addininsa ko lamirinsa ya hana shi kisa. Mutum ɗaya aka sani da haka, tsoho mai gyaran agogo, wanda ko sauro sai ya lallaɓa shi ya fita ta taga. Shi aka ba shi toshe ramuka a madadin, ya kuwa duƙufa.

Mai Hatsi ya dubi rana, ya dubi kwatami, sai ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ya je ya ce wa duba-gari shi ma ba ya iya kisa.

"Addini ne ko lamiri?" in ji duba-gari.

Addini ba zai yiwu ba, don ga malaminsu can a gaba da tarko.

"Lamiri ne, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe yana damuna. Yau dai ya yi tsanani."

"To bi Baba ku toshe ramuka."

"Haba! Toshe rami ai kisa ne a hankali."

Duba-gari ya jinjina kai, ya sallame shi. Mai Hatsi ya koma inuwa yana ba ma'aikata shawara.

Ɓera ba ya karanta doka, amma yana gane inda aka yi masa sassauci. Kafin mako ya zagayo, duk waɗanda suka tsira sun tare a shagon Mai Hatsi da iyalansu. Buhu ya zama rariya. Mai Hatsi ya je sayen guba a ɓoye, mai magani ya ce, "Ni in jefa ka cikin saɓon lamirinka? Allah ya kiyaye."

A gida ma miya ta zo fayau.

"Ina naman?"

"Maigida, ai ban san haka kake shan wahala ba duk shekarun nan," in ji matarsa. "Naka na ba yara."

Ya aro kyanwa, yana cewa ita ba ta da lamiri. Ta leƙa shagon sau ɗaya ta ga yawansu ta tsere, ashe tana da hankali.

Darasin a fili yake. Rangwamen da doka ke yi wa mai imani ko mai lamiri an yi shi ne don wanda zai ɗauki nauyin abin da ya faɗa, kamar tsohon nan. Mai aron lamiri don gudun aiki yana jawo wa masu gaskiya zargi, kuma jama'a na iya yi masa hukunci mafi tsanani, wato su yarda da maganarsa. Mai Hatsi yanzu bokiti yake sayarwa.