Ruwan da Bai Kai Hawa na Sama Ba

Akwai wani injiniya da ya yi suna wajen zana hanyoyin kashe gobara a gidajen bene na haya. Shi ke tsara inda bututu zai bi cikin silin, inda kawunan fesa ruwa za su zauna, da inda za a maƙala na'urar jin hayaƙi. Shi ya koya wa ƙaninsa sana'ar, tun yaron bai san bambancin zane da taswira ba.

Sai ga shi wani attajiri ya gina katafaren bene, ya tsallake yayan ya ba ƙanin aikin.

Tun daga ranar abinci ya daina yi wa yayan daɗi. In an taru a ɗakin mahaifiyarsu, ba ta da zance sai na autanta. Ko matarsa ta ce, "Kai, Auta ya zama babban mutum!" Ya harare ta ya ce, "Babban mutum a ina? Ni na riƙe masa fensir."

Wata rana Auta ya zo ofishinsa da zanen a naɗe, ya shimfiɗa a tebur.

"Yaya, duba min kafin a sayi kaya. Idonka ya fi nawa."

Kallo ɗaya ya gano matsalar. Injin tura ruwan ya yi ƙanƙanta, ba zai kai ruwa hawa na sama da ƙarfi ba. Ya buɗe baki zai faɗa, sai zuciya ta ce masa: bar shi ya sha kunya ranar gwaji, kowa ya san waye malami.

Ya naɗe zanen ya ce, "Ba laifi. Je ka yi aikinka."

Ranar gwaji ya sa babbar riga ya je kallo. A hawa na ƙasa ruwa ya feso kamar damina, hayaƙi kaɗan ƙararrawa ta ɗauka. Aka hau sama aka buɗe. Ruwan ya ɗan tsarto, ya koma ɗiga kamar hawaye. Ga masu haya sun riga sun fara kawo katifu.

Attajirin ya fusata. "Da wuta ce ta tashi fa? 'Ya'yan mutane zan ƙona? Wa ya duba maka wannan aikin?"

Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, lissafina ne, laifina ne ni kaɗai."

Yayan ya gyara riga yana jira a ce ya karɓi aikin. Sai attajirin ya juyo gare shi.

"Ba kai ka koya masa ba? In ɗalibi haka yake, ban ga abin da zan nema wurin malami ba."

Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari. Masu gini ba su ce Auta ya kasa ba, cewa suka yi 'yan gidan nan ba su iya aiki ba. Ayyukan da yayan ke sa rai da su duk suka sulale.

Yana zaune a ofis sai ga Auta ya shigo, ya durƙusa, idonsa ya yi ja.

"Yaya, ka yafe min. Na ɓata maka sunan da ka daɗe kana ginawa."

Yayan ya rasa inda zai sa kansa. Ya miƙe, ya kama hannun ƙanin ya ɗaga shi.

"Tashi, Auta. Ba kai ne mai neman yafiya a ɗakin nan ba. Jawo kujera, mu sake lissafin injin nan tare."

Darasi: Ɗan'uwanka ba abokin gabarka ba ne. In ka ga kuskurensa ka yi shiru don ya faɗi, ka sani tare za ku faɗi, kuma wataƙila ran wasu ne a tsakiya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki su ma su karanta.