Saniya Mai Lamba Ɗari da Sha Huɗu

Akwai wata nas a asibitin haihuwa na garinmu, can yammacin Nebraska, sunanta Marlys Dvorak. Shekara talatin da ɗaya tana awon ciki. Ba ta da faɗa, amma idan ta sa abu a gaba, gara ka ba ta hanya tun da wuri.

A asibitin, idan ciki ya kai mako ashirin da takwas, ana ba mace ruwan zaƙi ta sha don gwajin sukari, ta zauna awa guda kafin a ɗebi jini. A wannan zaman Marlys take yi wa mata allurar rigakafin tarin shiƙa. Jariri ba ya samun tasa sai ya yi wata biyu, saboda haka abin da uwa ta ba shi tun yana ciki shi ne kariyarsa a makonnin farko.

Ranar da Tandy Hollenbeck ta zo gwajinta, ko kallon allurar ba ta yi ba. Ita da mijinta Clete makiyaya ne masu shanu ɗari uku, kuma ita Tandy ba a koya mata abu.

"Anti Marlys, ai ke da kanki kika yi mini lokacin da nake da cikin ɗana Wyatt. Shekara biyu kacal."

"Kowane ciki da tasa, 'yar nan."

"Ni za a gaya wa allura? Wadda nake yi wa shanu a wata ɗaya ta fi taki ta shekara. Ki ajiye wa masu tsoro."

Marlys ƙawar mahaifiyarta ce tun suna makaranta. Ta mayar da allurar firji.

A awo na gaba Tandy ta sake ƙi. Na bayansa ma ba ta zo ba, wai aiki ya yi yawa. Ciki ya shiga mako na talatin da biyar, lokacin da allurar ta fi amfani yana ƙurewa. Abin ya tsaya wa Marlys a rai, domin ta taɓa ganin jaririn da tarin nan ya shaƙe har leɓensa ya yi shuɗi, kuma ba ta manta ba.

Ranar Asabar ta nemi izinin likita, ta sa allurar a ƙaramar kula, ta tuƙa mil arba'in cikin dusar ƙanƙara.

Ta tarar da su a bakin shinge. Clete yana kora shanu masu ciki ɗaya bayan ɗaya yana yi musu allura, Tandy tana tsaye bayan ƙarfe da ƙaton cikinta tana cika masa sirinji.

Tandy ta hango kular ta yi dariya. "Har gida? Kin ɓata manki a banza."

"Kallo na zo," in ji Marlys. Ta jingina da shinge, ta nuna wata baƙar saniya mai lamba ɗari da sha huɗu a kunne. "Waccan tsohuwar, bara ba a yi mata ba ne?"

"An yi mata mana."

"To ku bar ta ta wuce. Ta bara ta isa."

"Haba Anti, ke ma dai. Ƙarfinta raguwa yake. Ba don uwar ake yi ba, don maraƙin ne, ya samu a dakashi, nonon farko, da zarar ya faɗo. Na bara ya sha nasa, na bana kuwa in ba a sake ba..."

Maganar ta tsaya mata a baki. Clete ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Marlys ta buɗe kular.

Tandy ta ajiye sirinji, ta je ta zauna a bayan a-kori-kura, ta tuɓe hannun rigar sanyinta. "Ki yi da sauri. Kuma kada ki gaya wa Mama."

A farkon Maris ta haifi mace, aka sa mata Junie. Jaririyar tana da mako uku Clete ya fara wani tari. Ya ce ƙurar ciyawa ce, kamar yadda mazanmu suke cewa ko huhunsu zai faɗo. Ya ci gaba da ɗaukar 'yarsa yana sumbatar goshinta. Sai da tarin ya fara sa shi amai Tandy ta ja shi asibiti, gwaji ya nuna tarin shiƙa ne.

Aka ba kowa a gidan magani, aka ce a sa wa Junie ido mako uku. Tandy ta gaya mini ba ta taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ko atishawa yarinyar ta yi, sai gabanta ya faɗi. Mako uku suka cika, Junie ba ta yi tari ba. Likita ya ce ba zai rantse ba, amma da ba a yi allurar nan ba, da bai so ya ga yadda za a ƙare ba.

Ranar da Junie ta cika wata biyu aka kawo ta rigakafinta. Tandy ta ajiye wani abu a teburin Marlys: lambar kunnen saniya, ruwan ɗorawa, ɗari da sha huɗu.

"Maraƙi ɗari uku na tuna da su, Anti," ta ce, idonta ya ciko. "Tawa ɗaya na kusa mantawa."

Har yau lambar tana rataye a ƙofar firjin allurai.

Darasi: Sanin da kake taƙama da shi ba zai amfane ka ba sai ka yarda ya hau kanka. Mai ciki, allurar cikin baya ba ta wadatar da na yanzu ba, ki tambaya a wurin awo. Ku tura wa duk wata mai juna biyu da kuka sani.