Ranar da Aka Ɗauki Gadu

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji!

Ta zo mu ji ta, Inna!

A wani gandun daji na gwamnati, inda aka hana farauta, akwai Gadu da 'ya'yansa huɗu. Kun dai san Gadu, ba a yabonsa don kyau.

Wata safiya motar 'yan yawon buɗe ido ta tsaya kusa da shi. Wata mata ta leƙo ta ce, "Direba, dakata! Wannan mai haƙoran zan ɗauka."

Gadu ya ranta a na kare. In aka ɗauke shi, wa zai riƙe yaran?

Ya je wurin Giwa yana haki. "Ranki ya daɗe, an taɓa ɗaukar ki?"

Giwa ta ce, "Kullum."

Gadu ya dube ta sama da ƙasa. Ashe har Giwa suna iya ɗagawa!

Ya je wurin Dorina. "Yaya, ke fa?"

Dorina ta ce, "Ni har cikin ruwa suke bi na. Sun fi so in yi hamma."

Ya je wurin Bika, sarkin tsokana. "Malam Bika, ana tsira?"

Bika ya gimtse dariya. "Ina fa! Ka dai yi sallama da iyali."

Wallahi har tausayi yake ba ni. Gadu ya tura 'ya'yansa rami, ya fito bakin hanya shi kaɗai. Da motar ta dawo, ya durƙusa, ya runtse ido. "Ku ɗauke ni, ku bar mini yara!"

Ƙyas! Haske ya walƙa. Matar ta ce, "Kai, hoton nan ya fita!" Mota ta wuce.

Gadu ya buɗe ido. Ya shafa kunne, ya shafa ciki. "Malam Bika, ai ga ni!"

Bika ya ce, "Ayya, sun ɗauke ka tuni. Wannan saura ne."

Gadu kuwa ya yarda, har yau ba wanda ya iya fahimtar da shi. Shi ya sa in yana gudu yake ɗaga wutsiya tsaye ƙyam, don 'ya'yansa su hango, su san sauran ubansu yana nan.

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya ishe ku, ku tashi haka nan.