Ɗan Madubin Baba Direba

Akwai wata mata da 'yan layinsu ke kira Maman Biyu saboda tagwayen da ta haifa, ma'aikaciya ce a wani kantin magani. Mijinta direban bas ne, kowa Baba Direba yake ce masa, mutum mai barkwanci wanda fasinja kan wuce tasharsa saboda daɗin hirarsa.

Wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bayan an sallamo shi daga asibiti, likitar gashin ƙashi ta nuna musu wasu bidiyoyin motsa jiki a intanet, ta ce ya riƙa bi kullum a gida.

Matsalar ita ce malamin cikin bidiyon yana da sauri, kuma hannunsa na dama yake ɗagawa. Baba Direba ya rikice, ya rasa hagu ya rasa dama.

"Wannan mutumin gudu yake kamar wanda ya sato mota," in ji shi.

Ƙanin Maman Biyu, wanda suke kira Auta, mai gyaran waya ne a bakin kasuwa. Shi ya samo musu wata 'yar manhaja ta kyauta da ake maƙala wa burauzar kwamfuta, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Tana rage gudun bidiyo, tana juya hoton kamar mutum na kallon madubi, kuma da dogon maɓallin nan na ƙasan allon rubutun kwamfuta kaɗai ake tsayar da ita ko a maimaita. Baba Direba ya raɗa mata suna Ɗan Madubi.

Kowace safiya Maman Biyu takan ɗora tsohuwar kwamfutarsu a kan teburin guga, ta jingina masa filo a kujera, ta tafi aiki hankalinta kwance. Sannu a hankali yatsunsa suka fara motsi.

Ran nan ta dawo da la'asar ta tarar da shi zaune shiru, kwamfutar a rufe.

"Baban Biyu, lafiya?"

"Ɗan Madubi ya yi ritaya," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Ya riga ni."

Ta buɗe ta duba. Burauzar ta sabunta kanta, ta kashe 'yar manhajar, wai ta tsufa. Ga alamarta nan a kusurwa ta yi fari fat, ko an danna ba ta motsi.

Auta ya zo washegari da ƙarfin gwiwarsa. Ya mayar da tsohuwar burauza, Ɗan Madubi ya farfaɗo, amma shafin bidiyon ya ƙi buɗewa. Ya dawo da sabuwa, bidiyo ya buɗe, Ɗan Madubi ya sake mutuwa. Ya sauko da wasu manhajoji na zamani, sai dai maɓallansu ƙanana ne kamar ƙwayar magani, hannun Baba Direba mai rawa ba ya iya kama su.

Abin da ya fi damun Maman Biyu ba kwamfutar ba ce. Mijinta ne ya daina tsokanarta. Ya ce a bar motsa jikin, ya gaji da zama wa mutane kaya. Ta lura yatsun nan da suka fara buɗewa sun soma komawa su dunƙule.

Ranar hutunta, ita da Auta suka shiga shafin da aka sauko da manhajar. Ƙarƙashinta saƙonni ne rututu, kusan duk zagi. Wani ya ce wanda ya haɗa ta malalaci ne. Wani ya ce aikin banza. Mai manhajar kuwa ya yi shekaru bai ce uffan ba.

Auta ya naɗe hannun riga. "Yaya, matsa in ƙara masa nawa. Ya za a yi mutum ya yi abu ya watsar, mutane na wahala?"

Ta riƙe masa hannu. "Auta, kai ka sa shi aikin?"

"A'a."

"Tun da ka sauko da ita, ka taɓa ce masa sannu?"

Ya sosa ƙeya. "To ai Yaya, ba haka ake yi a intanet ba."

"Ni haka zan yi."

Ta jawo kwamfutar. Ita ma ranta a ɓace yake, har sai da ta goge layin farko da ta rubuta. Sannan ta gaya wa mutumin da ba ta sani ba cewa mijinta ya fara riƙe cokali saboda aikinsa. Ta ce yanzu manhajar ta tsaya, amma ko bai gyara ba, sun gode da watannin da ta yi musu.

Auta ya yi dariya. "Wannan saƙon ko aljani ba zai karanta ba."

Kwanaki suka shuɗe shiru. Maman Biyu ta koma tashi da wuri, ta tsaya gaban mijinta tana kwaikwayon malamin bidiyon a hankali kafin ta fita. Yakan kalle ta ya ce, "Wannan malamar ta fi kyau, amma ba ta da maɓallin tsayarwa." Ta ji daɗi, ko ba komai bakin ya dawo.

Tana cikin kanti tana jera kwalaben magani, wayarta ta yi ƙara. Amsa ce ta zo.

Mutumin ya ce don mahaifiyarsa ya haɗa manhajar, lokacin da irin wannan ciwo ya same ta. Da ta rasu, ya kasa sake buɗe aikin. Duk sanda ya leƙa shafin sai ya tarar da zagi, ya rufe. Ya ce ita ce ta farko da ta gaya masa manhajar ta taimaki wani. A ƙarshe ya tambaya ko akwai mai ɗan sanin kwamfuta kusa da ita.

Maman Biyu ta shige bayan kantar magani ta share hawaye, sannan ta kira Auta.

Da yamma suka haɗu a falo. Mutumin ya turo sabon fayil, ya bi da Auta mataki-mataki: ya buɗe saitin burauza, ya kunna wurin da ke ba da damar saka manhaja da hannu, ya ɗora fayil ɗin. Gwajin farko hoton ya juye ƙasa a sama.

"Yau kuma da ka zan tsaya?" in ji Baba Direba.

Ashe shafin bidiyon ya canza sunan akwatin da hoto ke fitowa. Mutumin ya nuna wa Auta layin da zai gyara. Auta, wanda kwanakin baya yake son zagi, sai "to ranka ya daɗe" yake rubutawa. Ya gyara, ya sabunta shafin. Malamin bidiyo ya ɗaga hannu a hankali, ta ɓangaren da ya dace. Tagwayen suka fasa ihu har maƙwabciya ta leƙo.

Mutumin ya ce zai saka gyaran a shafin don kowa ya samu, har da masu zagin.

Baba Direba ya ce a matso masa da kwamfutar, shi zai yi godiya da kansa, kuma da hannun hagu. Ya daɗe yana fama, gumi na tsattsafo masa, yatsa ɗaya na neman harafi. Abin da ya fito shi ne "naa godde."

Maman Biyu ta miƙa hannu za ta gyara. Ya ture hannunta a hankali.

"Bar shi haka, Maman Biyu. Zai gane hannun da ya rubuta."

Ta tura saƙon yadda yake.

Darasi: Duk abin da kake mora kyauta, akwai ɗan Adam a bayansa, da gajiyarsa da nasa ciwon da ba ka gani. Kafin ka zage shi ranar da abin ya lalace, tambayi kanka ko ka gode masa ranar da yake aiki. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila wani ya tuna da wanda ya kamata ya ce wa sannu yau.