Ragon Baba Mijinyawa

Ku matso ku ji wata, amma ban da dambe in na gama.

Gwadabe mai kalangu ya sha cika baki cewa in ya ɗaga gula, ko gawa sai ta gyara kwanciya. Ana nan sai Baba Mijinyawa, tsohon mahauci, ya kwanta. Tun rasuwar matarsa Gambo ya daina magana, abinci ma sai an yi da gaske, kullum ƙara ramewa yake. 'Ya'yansa suka ɗaure rago a ƙofar gida, suka ce na duk makaɗin da kiɗansa ya sa tsoho ya nemi abinci ne.

Gwadabe ya ce a fara daka masa yaji.

Da hantsi aka fito da tsoho gindin darbejiya, gari ya taru. Gwadabe ya zura hannu a jaka, sai ya ji yatsunsa sun zarce. Ɓera ya cinye fatar kalangun, gaba da baya! Amma gogan naku bai gudu ba. Ya rataya abinsa, ya lulluɓe da hannun riga, ya ɗaga gula sama, ya rumtse ido, ya ƙame. Kowa ya yi tsit yana jiran ta sauka. Ta ƙi sauka.

Shi kuwa Cindo mai injin niƙa, wanda ƙarar injinsa ta hana unguwar jin ko kukan kurciya, ranar ya kashe injin, ya ce shi ma a bar tsoho ya ji kiɗa.

Ita kuma Barmani maƙwabciya, da ta tarar an kashe inji, sai ta kakkaɓe tsohon turminta. Tana can bayan katanga tana lugude, ta cilla taɓarya ta tafa ta cafe, ba ta ma san ana taro ba.

Cikin shirun nan lugude ya tsallako katanga, kurciya na amsawa. Babban yatsan ƙafar tsoho ya fara motsi. Can sai ya ce, "Haka Gambo take dakanta. Geron fura ne wannan. A damo mini."

Aka ɗau guɗa, aka damo fura, tsoho ya kama sha. Gwadabe ya kama igiyar rago yana cewa, "Sunan wannan kiɗan shiru. Shekara da shekaru ina koyonsa!"

Tsoho ya ajiye ludayi. "Ɗan nan, ɗaga hannun rigarka. Tun ɗazu nake hango garin Allah ta cikin kalangunka."

Dariya har da masu faɗuwa. Sai dai Gwadabe bai saki igiya ba. Ya ce da bai ƙame ba, wa zai rufe bakin jama'a? Cindo ya ce da injinsa na ruri fa? Barmani ta leƙo ta ce ita daka take, amma ba ta ƙi nama ba.

To, makaɗi aka yi wa alkawarin rago, ga tsoho ya tashi. Wa ya yi kiɗan a cikinsu?