Wanda Uwar Sarki Take Kira

Masu ba da labari sun ce a can wani zamani mai nisa, tun ana auna tafiya da kwanakin raƙumi, an yi wani sarki mai suna Mainasara, birninsa na bakin wani babban kogi. Cikin ganuwa Musulmi ne, su ke da sarauta da malanta da fatauci. Bayan ganuwa, a fadamar da ke bin kogin, Maguzawa ne ke noman dawa da rake, suna da kurminsu inda suke yanka tun kaka da kakanni. Akwai kuma gidaje shida na Nasara, fatake daga Masar, da suka zauna gefen kasuwa suna sayar da takarda da turare. Kakan Sarki ne ya ba kowa amana, aka yi shekara da shekaru ba wanda ya tsare wani da tambayar inda addu'arsa ta dosa.

To, mahaifiyar Sarki, Kyauta, Bamagujiya ce. Ta tsufa a gidan sarauta ba ta bar hanyar iyayenta ba. Da ta rasu a farkon damina, Liman Ukashatu ya zo ya durƙusa, ya ce cikin ladabi ba shi da ikon yi mata salla. 'Yan'uwanta suka ɗauke ta, suka binne ta a fadama bisa al'adarsu. Tun daga ranar sukuni ya ƙaurace wa Sarki. Ya zauna ya tashi, ya sa a ɗaura wa doki sirdi ya ce a kwance, a kawo ƙara ya yanke rabin hukunci ya manta da saura.

Ran nan fada ta cika, sai ya ɗaga kai ya ce, "Tun ina ƙarami, duk sanda zan fita Inna takan ce mini Allah ya tsare. Da bakin nan kuma take kiran iskokin kurmi. Ina son a gaya mini wa take kira. Da mu, da su, da Nasaran kasuwa, tushenmu ɗaya ne, Ubangiji ɗaya muke bauta wa, ko kowa da nasa?"

Ya ɗora wa Waziri Ɗalhatu nemo amsa cikin kwana arba'in. Ya rantse in ɗaya ne, zai gina ɗakin bauta guda, kowa ya shiga ko yana so ko ba ya so. Nan Galadima Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce in kuwa ba ɗaya ba ne, ai bai kamata ƙasar Musulunci ta ci gaba da ɗaukar masu yanka wa itace ba. Sarki, cikin zafin zuciya, ya haɗa da wannan a rantsuwarsa: in ba ɗaya ba ne, duk wanda ba ya kan addinin Sarki ya ƙetare kogi kafin kaka.

Waziri Ɗalhatu dattijo ne da ya yi wa mahaifin Sarki hidima, ga ciwon gwiwa da ke hana shi daɗewa a kan doki. Ya fito daga fada. Ya duba gaba ya ga kura, ya duba baya ya ga sayaki. In ya ce ɗaya ne, malamai za su yi hijira, birni ya tsage biyu. In ya ce ba ɗaya ba ne, dubban mutane za su bar amfanin gonarsu a tsaye, su shiga duniya da 'ya'ya a baya. Abin da ya fi damunsa kuma, shi kansa da ya bincika zuciyarsa, bai taɓa yi wa kansa tambayar ba.

Ya fara da Liman. Ya same shi a zaure yana duba littattafai, suka gaisa, ya shimfiɗa masa damuwarsa. Liman ya ce Mahalicci dai ɗaya ne, babu wanda wani dabam ya halitta, da Bamaguje da Banasare duk 'ya'yan Annabi Adamu ne, kuma babu al'ummar da ba a aika mata da mai gargaɗi ba. Waziri ya fara jin sanyi, sai Liman ya ɗaga hannu.

"Amma, ranka ya daɗe, kada ka kai wa Sarki rabin maganata. Yanka a gindin kuka ba salla ba ce. Ko za a raba kaina da wuyana ba zan ce ɗaya suke ba."

Bayan kwana biyu ya hau ya nufi fadama wajen Tunau, yayan marigayiya, wanda shi ne kawun Sarki kuma babban Maguzawa. Ya tarar da shi cikin dawa yana maimai, laka har gwiwa. Tunau ya jingina da fartanya ya saurara. Ya ce su ma sun san Na Bisa, shi ke saukar da ruwa, shi ke ba da haihuwa, shi ke karɓar rai. Sai dai ya fi ƙarfin talaka ya tunkare shi kai tsaye, kamar yadda manomi ba ya faɗa wa Sarki sai ta hannun bafade, shi ya sa suke bi ta wajen iskoki. Waziri ya tambaye shi ko ke nan bautarsu da ta birni ɗaya ce. Tsohon ya girgiza kai, ya ce mutanen birni sun ce ba a bi ta hannun kowa, su kuwa sun ce ana bi, ya za a ce ɗaya ce? Ya koma ya sunkuya kan kunyarsa.

Jirjis, babban Nasaran kasuwa, bai tsawaita ba. Ya ce su ma Ubangijin Ibrahim suke kira, amma abin da suke faɗa game da Isa ba shi Musulmi ke faɗa ba, kuma a ƙasarsu an yi ɗaruruwan shekaru ana wannan muhawara ba a rufe ta ba. Yana magana yana naɗe takardunsa cikin fata, domin ya riga ya aika a kawo raƙumansa daga kiwo.

Waziri ya dawo gida da amsa uku, kowace rabinta i, rabinta a'a. Ya kasa cin abinci. Ya fita ƙofar gida ya koma, ya buɗe littafi ya rufe. Kwanaki na ta zuba, gari kuwa ya fara tafasa. Aka ce Sarki zai shigo da tsafi masallaci, aka ce a'a, kurmi zai ƙone. Ran kwana ashirin da shida aka wayi gari an sare babbar kukar kurmi. Kashegari aka ga an watsa jinin akuya a bangon masallacin Juma'a. Kafin azahar faɗa ya ɓarke a kasuwa, aka farfasa tukwanen matan fadama, aka kashe wani mahauci da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya shiga raba faɗa ne kawai.

Waziri ya sake hawa zuwa fadama don ya kwantar da Tunau. A kan hanya ya ga wasu mutane uku da igiya da turaku suna auna gonakin rake, masu gonakin na tsaye suna kallo. Ya gane rawanin ɗayansu, bafaden Galadima ne. Ya ja linzami ya tsaya, ya daɗe yana kallo. Wanda ya fara auna gona tun ba a yanke hukunci ba, ya san hukuncin da yake dafawa. Amma zato ba shaida ba ne, Galadima kuwa shi ne ya fi kowa ɗaga murya a fada kan kishin addini.

Sai ya wuce wajen Sarki, ya roƙi alfarma guda: Sarki ya zo gidansa da hantsi ba tare da rakiya ba, ya zauna a ƙuryar soro bayan asabari, kada ya yi magana kome ya ji. Ya faɗa masa a fili cewa zai yi ƙarya sau uku a gabansa, yana neman gafarar Allah tun yanzu. Sarki ya dube shi da jajayen idanu, ya ce ya yarda, domin zaman fadar ma ya ishe shi.

Aka fara shigo da Liman. Waziri ya ce masa Sarki ya yanke shawarar korar Maguzawa da Nasara, fadama ta zama wakafin masallaci, fatawarsa kawai ake jira. Liman ya ce ba zai bayar ba. Amana ce kakan Sarki ya ɗauka, ba su karya ba, ba a kuma tilasta wa mutum addini. Masallacin da aka ciyar da gonar zalunci, shi ba zai ja salla a cikinsa ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita ba sallama mai tsawo.

Aka shigo da Tunau. Waziri ya ce masa albishir, ɗan ƙanwarsa ya koma hanyar uwarsa, za a kori Liman, shi kuma a ba shi ɗaki a fada. Tsohon bai yi murna ba. Ya ce, "Kyauta da hannunta ta kai yaron nan makarantar allo. Ita ke tashinsa da asuba, ta ɗumama masa ruwan alwala in ana sanyi. Na taɓa yi mata faɗa, ta ce mini hanyar ubansa ce, ya riƙe ta da kyau ya fi ya riƙe biyu da sakaci. In baƙin ciki ya sa ya saki, ita ya kunyata. Ku gaya masa kawunsa ne ya ce."

Waziri ya ji asabarin ya motsa, ya yi gyaran murya da ƙarfi, ya sallami Tunau.

Sannan aka kira Galadima Barmo. Waziri ya karɓe shi da fuskar wanda duniya ta juya wa baya. Ya ce Sarki ya koma addinin mahaifiyarsa, shi kam ya tsufa ba zai iya bi ba, zai ajiye rawani, kuma Sarki ya ce duk wanda ya fara kai baƙin bunsuru kurmi shi ne Waziri. Galadima ya gyara zama. Ya ce ai in aka duba da idon basira duk hanya ɗaya ce, addinin Sarki shi ne addinin talakawansa, kuma cikin ikon Allah yana da baƙin bunsuru a garkensa. Waziri ya yi ajiyar zuciya, ya ce abu ɗaya ya rage, Sarki na cigiyar jarumin da ya watsa jini a bangon masallaci, don shi ya fara nuna masa akwai masu goyon bayansa, yana so ya saka masa.

Galadima ya yi murmushi ya ce, "To a daina cigiya. Ni na sa a yi."

Sarki ya ɗaga asabarin da kansa ya fito. Galadima ya zube ƙasa. Kafin la'asar barorinsa sun amsa cewa su ne kuma suka sare kukar, da gatarin gidansa. Aka tuɓe masa rawani a gaban jama'a, aka ba iyalan mahaucin garken shanunsa, aka tura shi wani ƙauyen kan iyaka ya ƙare kwanakinsa.

Ran cikar kwana arba'in fada ta cika har waje. Waziri ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na tambayi masu sani na kowane gida. A kan wanda ya yi sama da ƙasa ban sami biyu ba, duk Ɗaya suka nuna. A kan yadda ake bauta masa ban sami ɗaya ba, kuma babu wanda ya yarda a ce tasa ita ce ta ɗan'uwansa. In ka haɗa su ɗaki guda ka yi wa kowa ƙarya. In ka kore su ka ci amana. Iyakar abin da na samo ke nan."

Sarki ya ce wannan bai ishe shi ba. Waziri ya ce shi ma bai ishe shi ba, amma ba zai ƙara abin da bai sani ba. Sarki ya juya ga Liman, murya ƙasa ƙasa, ya tambaye shi ina mahaifiyarsa take yanzu. Liman ya ce ba a ba shi mabuɗin wannan ɗaki ba, ba a kuma ba Sarki ba, hukuncin wanda ya tafi na hannun wanda ya fi su sanin zuciyarta. Abin da ke hannun Sarki shi ne danginta da ke raye. Rantsuwa kuwa, wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi alherin ya yi kaffara.

Sannan Sarki ya sa aka yi shela an sabunta amanar kakansa, kowa ya zauna inda yake. Jirjis ya sauke kayan da ya ɗaure. Da yamma Sarki ya fita ƙofar birni a ƙasa, Waziri na biye yana ɗingishi, har gidan Tunau, inda bai taka ba tun da aka naɗa shi. Ya cire takalmi a bakin danga, ya durƙusa ya ce, "Kawu, ina wuni." Tunau ya dube shi, ya ce ya rame, ya kira a kawo masa tuwo. Sarki ya zauna a kan tabarmar kaba ya cinye malmala biyu, Waziri kuwa ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a gindin rumbu, ya bar su suna maganar Kyauta har rana ta yi ja.

Nan masu labari suka tsaya, mu ma nan za mu dasa aya.