Ko Kuɗinta, Ko Kaso Ɗaya Cikin Uku

Ku yi shiru ku ji wannan, don ba labarin dariya ba ne.

Alhaji Tanimu ya rasu ya bar injin casar shinkafa da ke ciyar da gida talatin. Ɗansa Barau ya gaje shi, 'yan'uwansa biyu aka ba su fili da gida. Shekara uku injin ya durƙushe, har an fara taya ƙarafunan.

Yayarsa Asabe ta sayar da filinta, abin da ta mallaka kaf a duniya, ta kawo masa kuɗin rance, ba riba ko kwabo. Wallahi ban san mace ta biyu da za ta iya haka ba.

Ƙaninsu Nuhu shi ya rubuta takardar rancen. Ya san halin wansa, don haka ya saka kalma ɗaya: bayan shekara biyu, Asabe ta karɓi kuɗinta, ko ta ɗauki kaso ɗaya cikin uku na injin, zaɓi nata. Barau ya ce, "Haba Nuhu, wannan 'ko' ɗin fa?" Nuhu ya ce, "Yaya, sa hannu kawai."

Ashe Barau ya ƙudura ya zuba kuɗin duka a shinkafar fadama tun tana kore, da arha. In ruwa ya ci, asarar Asabe ce, injin dama matacce ne. In ta yi kyau, ya mayar mata da nata, ribar tasa. Da ya sake duba takardar, sai ya ga ko shinkafar ta yi kyau, Asabe kaso za ta zaɓa, da shi da ita za su ci. Nan take ya fasa. Damina ta zo da ambaliya, waɗanda suka saya suka tashi a tutar babu.

Barau kuwa ya gyara injin, ya yi shekara biyu cikin ƙaiƙayi da tururi har tari ya kama shi, alhali ya san duk buhun da ya ƙaru yana ƙara kusantar da ranar da za a yanki gadonsa. Bai yi ha'inci ba ko sau ɗaya. Ranar ta zo, Asabe ta ce, "Kaso nake so." Ya juya baya ya share hawaye, ya sa hannu.

Yanzu ma'aikatan injin sun haɗa kuɗi sun sayi rago guda, za su kai ƙofar wanda ya ceci abincin 'ya'yansu. Suna tsaye a bakin layi riƙe da igiya.

To ku faɗa mini, ƙofar wa za su nufa?